Fuskar Aro

Har yau ba na son a buɗe kwalbar sifirit kusa da ni. Ko kemis na shiga sayen magani, mai shagon ya jiƙa auduga zai goge wa wani hannu kafin allura, da warin ya bugi hancina sai in nemi hanyar fita. Ba tsoron allura ba ne, na wuce nan tun tuni. Warin ne yake mayar da ni ɗakin wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada, in gan ta durƙushe a gaban bidiyo, ta kwance murfinsa tana goge cikinsa da auduga a hankali. Mu muna zaune a kan leda muna jira, Innata tana bayanmu, ta ja mayafi har goshi kamar wadda ta zo dubiya.

Bari in fara gaya maka yadda gidanmu yake, don in ba ka san wannan ba sauran labarin ba zai zauna maka ba.

Baba tela ne, shagonsa yana bakin titi a kan hanyar Kongo, yana ɗinka wa ɗalibai da ma'aikata kaftani. Mutum ne mai shiru, mai riƙo da karatunsa, kuma abu biyu ne bai yarda su kwana a gidansa ba, kare da hoto. In mai hoto ya shigo unguwa ranar salla da kyamararsa a wuya, 'ya'yan maƙwabta suna jeruwa a jikin bango suna gyara hula, mu sai dai mu tsaya gefe muna ba su shawarar yadda za su tsaya. Ba mu taɓa ganin abin a matsayin rashi ba. Duk wanda kake son gani yana nan a tsakar gida, to hoton me za ka nema?

Yayanmu shi ne ɗan fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a gidan Hausa na wancan lokacin ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana son ta aike shi sai ta ce da ni in gaya wa wancan ya ɗebo ruwa, alhali wancan ɗin yana tsaye a gabanta. In ya shigo da safe ya durƙusa gaisuwa, tana kallon murhu za ta amsa, ko tana kallon faifan da ke hannunta. Tun yaye Kaka ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita ce mai yi masa kirari, ita ce mai cewa ga mijinta ya dawo hannu rabbana ko goro babu. Inna kuwa, ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi, sai dai ta dama kunu ta ba ni in kai, ita ta tsaya a bakin ƙofar Kaka tana tambaya ko an ga kazarta da ta ɓata. Mu yara mun ɗauka bai dame ta ba. Ni har haushinta nake ji a kan haka, don duk gidan babu wanda nake so kamarsa.

Shi ne ya kawo mana fim gida tun kafin mu san yadda talabijin take. Yana koyon ɗinki a wurin Baba, in masu kawo gyara suka ɗan ba shi wani abu sai ya sulale silima da abokansa. Washegari da la'asar, Baba yana fita masallaci, zai tara mu a gindin dogon-yaron da ke tsakar gida ya yi mana fim ɗin tun daga farko. Shi ne jarumi, shi ne bos, shi ne kuma budurwar, ya warce ɗankwalina ya yafa, ya leƙo ta bayan bishiya yana karkaɗa wuya. Indiyancinsa na ƙarya ne, ya sani mun sani, amma in ya ja waƙa sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. In na Chana ne kuwa sai an kawar da tulu da kwanuka kafin a fara. Ba mu san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, sai wanda mutanen gari suka raɗa musu. Akwai Mai Tabon Goshi, akwai Bos Mai Sanƙo, akwai wata da ake ce wa Uwar Kuka, don ba a taɓa ganin ta kai ƙarshen fim da busasshen ido ba. Na san su duka a bakin Yaya, na kuma so su, tun ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Duk wannan abin Inna tana gefe ta ba mu baya, tana tsince shinkafa. Sai da na girma na lura cewa ranar da Yaya yake ba da labari, shinkafar nan ba ta ƙarewa da wuri. In ya yi abin dariya nakan ga kafaɗunta suna motsi. Ba ta taɓa waiwayowa ba.

Sai aka yi wata bazara mai zafi, irin wadda ko bango ka dafa sai ka janye hannu, sanƙarau ya shigo unguwa. Yaya ya dawo daga shago yana cewa wuyansa ya riƙe, aka ce kwanciya ce. Kafin a gane abin da ake ciki an ɗauke shi a bayan a-kori-kura zuwa asibiti, kuma bai dawo da ƙafarsa ba. Ko gemu bai gama fito masa ba. Ya taɓa gaya mini a asirce cewa in babbar salla ta zo zai je ya ɗauki hoto da sabuwar shaddarsa, ya ɓoye a ɗakin Kaka inda Baba ba ya bincike. Sallar ta zo ta tarar da shaddar a rataye a shago, ba a gama aikin wuyanta ba.

A zaman makoki Kaka ce ta yi kuka har muryarta ta dishe, ita mata suke rufawa a kai suna ba haƙuri. Inna ta zauna a gefe tana amsa gaisuwa, tana tashi tana duba tukunyar baƙi. Na ji mata suna yaba ta, wai ga mace mai kunya da tawakkali. Ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Abin da na gani shi ne zaninta ya fara zagaye ta har yana yin saura, kuma ta daina tsintar shinkafa a tsakar gida, ta koma yi a ɗaki.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wata nas, kowa a layin Sista yake ce mata. Bahaushiya ce Kirista, mutuniyar Wusasa, mijinta malamin makaranta. Ita ta karɓi haihuwar ƙannena. In Kirsimeti ta zo shinkafarta gidanmu take fara shiga, in layya ta zo cinyar ragonmu gidanta take fara shiga. Su ne suka fara sayen bidiyo a layinmu. Ranar Asabar bayan azahar, in da wuta, duk yaran layi muna can, silifa sun cika ƙofa har ba wurin taka ƙafa. Baba ya sani, ya kawar da kai, tunda ba a gidansa ake yi ba. A nan na fara ganin Uwar Kuka da idona, na kuwa tarar Yaya ya fi ta iya kukan.

Damina ta sauka a shekarar. Wata Asabar aka je karɓo kaset a wurin mai haya, aka tarar wanda ake so an riga an ɗauka, sai ya haɗo mu da wani da babu mai tambayarsa. Kwalinsa ya yage tun tuni. Mai hayar ya manna masa farar takarda ya rubuta sunan da ya ga dama, kamar yadda yake yi wa duk kaset ɗinsa, don babu mai iya faɗin sunayensu na ainihi. Wannan kaset ɗin ya sa masa suna Gonar Rake. Ba mu ji daɗinsa ba. Babu ko ɗaya daga cikin 'yan wasan da muka sani, babu faɗan kirki, waƙa ɗaya ce tal, ita ma wani tsoho ne yake yin ta a bakin rijiya. Talakawa ne kawai a wani ƙauye suna jayayya a kan gona, mata suna wucewa da tulu, ruwa yana zuba a kan rufin ciyawa. Har yaren nasu bai yi kama da Indiyancin da kunnenmu ya saba da shi ba. Yara suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka Inna ta shigo karɓar wa autanmu maganin tari, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule, Sista tana laluben jakarta.

Sai wani saurayi ya shigo cikin fim ɗin a kan keke. Ba shi ne jarumin ba, abokinsa ne ko ƙaninsa, baƙi siriri mai dogon wuya. Ya jingine keken, ya faɗi wata magana, ya yi dariya yana shafa ƙeya, kansa a karkace. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"La, ga Yaya!"

Sista ta zare mini ido. Na juya ina jiran ranƙwashi, sai na ga Inna ba ta ma san ina wurin ba. Ta saki labulen, ta tsallake ƙafafun yara, ta zo gaban talabijin ta zauna a ƙasa. Tunda nake ban taɓa ganin ta kafa wa wani ɗa namiji ido haka ba. Saurayin ya gama maganarsa ya hau kekensa ya fita, aka koma rigimar gona, ita tana nan ba ta motsa ba. Can ya sake fitowa, yana zaune a kan katanga yana shan rake. Gaba kuma ya raka jarumin tashar jirgin ƙasa, ya tsaya yana ɗaga masa hannu. Daga nan labarin ya manta da shi. Da aka gama muka tashi muka koma gida, muka bar maganin tarin a kan teburin Sista.

Ba a daɗe ba Inna ta ce in leƙa in ga ko Sista ta dawo daga aiki, tana son a auna mata jini. Sista mace ce mai ganewa. Ta auna, ta ce jini lafiya lau. Sannan ta ce ai kaset ɗin nan ba a mayar ba tukuna, ita kuma ba ta gama gane wa ke da gaskiya a rigimar gonar ba, ko za mu taya ta kallo? Ta kora 'ya'yanta waje, ta saki labule. Daga nan abin ya zama jiki. Inna ba ta taɓa cewa tana son kallo ba, Sista ba ta taɓa nuna ta san dalili ba, jinin ne dai yake yawan son a duba shi. Ni ce mai danna maɓalli. In tura gaba har wurin keke, in ya fita in tariyo baya. Inna takan zauna dab da gilashin, hannayenta a kan gwiwa, wani lokaci leɓɓanta suna motsi. Ko kalma ɗaya ba ma ji daga abin da yake faɗa. Sista ta taɓa cewa akwai wani likita Ba'indiye a wurin aikinsu, ko ta tambayo shi me yaron yake cewa. Inna ta ce a bar bawan Allah da aikinsa, ita tana ji.

A ɗakin nan na daina jin haushin uwata. Ina zaune a gefenta ina kallon yadda take bin fuskar nan da ido, daga goshi zuwa haɓa, ba gaggawa, sai na gane kazar da take nema a ƙofar Kaka ba ta taɓa ɓata ba. Wannan yaron ba ɗanta ba ne, ba ɗan farin kowa ba ne a garin nan, babu wanda zai ce ta yi rashin kunya in ta kalle shi. Tausayinta ya kama ni, irin wanda ya fi ƙarfin yarinya, har na rasa inda zan ajiye shi.

Unguwa ba ta ɓoye magana. Aka fara cewa matar tela, wadda ko shekara ba ta yi da binne ɗa ba, ta zama 'yar kallon Indiya. Wata rana na kai wa Baba abinci shago, ya tambaye ni me ke kai Innarmu maƙwabta kullum. Ban iya yi masa ƙarya ba, na gaya masa duka. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa har ya kai ƙarshen layin, ya yanke zare da haƙori, ya ce in ajiye kwanon in tafi. Na koma gida na tabbata na kashe wa Inna abin da ya rage mata.

Sai ga shi wata yamma ya kira ni zaure, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin ragowar yadi.

"Kai wa maƙwabta ajiya. Ba na son in gan shi a gidan nan."

Gonar Rake ce. Sista ta mayar da kaset ɗin da safiyar ranar don mai hayar ya matsa, Baba kuma ya je ya saye shi gaba ɗaya, mutumin da ko ta gaban shagon mai kaset ba ya son bi. Ban san ko ya taɓa kallo ba. Bayan rasuwarsa ne Sista ta gaya mini cewa wata rana muna ciki, ya tsaya a bakin tagarta yana gaisawa da mijinta, kuma gaisuwar ta yi tsawo fiye da yadda ya saba.

Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne, zaren kaset yana cinyewa, kuma daidai inda aka fi murzawa nan yake fara cinyewa. Da fari wasu fararen layuka ne suka fara ratsa wurin keken. Muka ɗauka datti ne, Sista ta kwance bidiyon ta goge da sifirit. Sauran fim ɗin ya fito tas, tsohon bakin rijiya da masu rigimar gona kamar ka taɓa su, wurin keke kuwa sai ƙara lalacewa yake yi. Mu kuma da muka ga yana dushewa sai muka ƙara yawan tariyowa, don Inna takan ce ba ta gani sosai ba, a sake. Har muka koyi tsayar da hoton cak a kan fuskarsa mu bar shi a haka, ba mu san wannan ya fi komai cin zaren ba. Fuskar ta fara rawa, ta koma kamar ana hangen ta ta cikin ruwan sama, daga baya sai muryarsa kawai da ƙarar keke. Muka koma wurin shan rake, shi ma muka cinye shi. Ya rage tashar jirgi, inda yake can nesa, ba a ganin komai sai hannu a sama.

Ranar da abin ya ƙare, bidiyon ne ya tauna zaren. Muka ji wani ƙara, hoton ya ɗauke. Sista ta zaro kaset ɗin, baƙin zare ya biyo shi a cukurkuɗe. Ta ɗauko almakashi ta yanke inda ya lalace, ta haɗa bakin da salatif da irin natsuwar da take ɗinke rauni. Aka mayar. Jarumi yana zaune a ƙofar gidansa yana jira, sai hoton ya yi tsalle, ga shi a gona. Babu wanda ya zo a kan keke. Inna ta ce in tariyo, na tariyo. Ta ce in sake, na sake.

A nan, a kan ledar ɗakin Sista, Inna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da ɗanta. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Sista ta tashi ta rufe ƙofa, ta ƙure ƙarar talabijin don kada maƙwabta su ji, ta dawo ta rungume ta. Mutanen ƙauyen nan suna ta jayayyarsu a kan gona da yaren da ba ma ji, Inna tana maimaita magana ɗaya.

"Sista, ko gama kallonsa ban yi ba."

Mai hayar ba shi da wani. Ya ce cikin buhun tsofaffin kaset ya sayo shi daga Kano, bai san sunansa na gaskiya ba, sunan da ke jiki shi ya ƙirƙira don ya ga rake a ciki. Daga ranar Inna ba ta sake neman a auna mata jini ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Bayan wani tashin hankali da aka yi a gari su Sista suka tattara suka koma Wusasa, wanda ya sayi gidan ya ƙara wa katangar tsawo. Ni na yi aure a Tudun Jukun, ina koyarwa a firamare. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, fim ya koma cikin waya. Duk shagon da na ga ana sayar da fim ko ana turawa sai na tsaya na yi tambaya, amma da me zan tambaya? Ba sunan fim, ba sunan ɗan wasa. In na ce akwai rake da keke da rijiya, sai su yi dariya su ce Hajiya, ai rabin finafinan Indiya ke nan. Garin nema na zama mai son irin finafinan da kowa yake gudu, ƙanana marasa faɗa, na Iran, na Koriya, na Mali, waɗanda mutum zai yi ta tafiya a kan hanya ba a ce komai ba. Ina son su da gaske, ba don neman kawai ba. Maigidana yana tsokanata, wai ni ce kaɗai a Zariya nake kallon fim ban san wane ne jarumi ba, idona yana kan mai kawo shayi da mai riƙe wa jarumi jaka. Gaskiyarsa ne. Su nake fara gani, kuma in labari ya manta da su ni ba na mantawa.

Bara na sami fim ɗin, a inda ban nema ba. Ina wurin mai kitso a Kwangila, kaina a kan cinyarta, ta jingine wayarta a jikin gwangwanin man kitso tana kallon irin tsofaffin finafinan nan da masu fassara suke tonowa yanzu. Na buɗe ido sai ga tsoho a bakin rijiya. Na ce ta tsaya. Ta tura mini shi a wayata, na zura hijabi a kan rabin kitso, na tari adaidaita sai Tudun Wada.

Inna ta tsufa. Hawan jinin ido ya ci ganinta, haske da inuwa kawai take bambancewa. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗakinta tana jan carbi. Na ce mata na samo Gonar Rake. Ta ajiye carbin. Sannan ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta karkaɗe zaninta kamar za ta yi baƙo.

Na tura har wurin keke. Hoton ya fito garau, yadda ko a ɗakin Sista ba mu taɓa ganinsa ba. Ya jingine keken, ya buɗe baki, sai Hausa ta fito. Mai fassarar ya ba shi wata 'yar siririyar murya ta shashasha, yana roƙon a saya masa shayi, yana cika baki a kan 'yan matan ƙauye da irin maganar 'yan bakin titi. Har dariyar an ɗora wata a kanta. Inna ta tambayi wane ne wannan. Na ce shi ne, fassara aka yi, yanzu haka ake yi don kowa ya ji.

"Rufe masa baki," in ji ta.

Na kashe maganar. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta har kusa da hancinta, tana karkata ta tana neman inda hasken zai kama. Ta daɗe a haka. Na san ba ta ganin komai sai wani abu yana motsi. Da ta sauke, ba ta juyo wajena ba.

"Ke kin kalle shi son ranki. Ni gefen fuskarsa na sani, da ƙeyarsa in zai fita, da ƙafarsa in ya durƙusa. Ranar da kika ce ga Yaya, maganarki na ɗauka. To gaya mini tsakaninki da Allah, suna kama?"

Na karɓi wayar na duba. Saurayi ne baƙi siriri, yana ta motsa baki babu sauti. Na nemi fuskar Yaya a cikin kaina in ajiye kusa da wannan in gwada, duk wadda na jawo sai ta zo mini a kan keke. Na nemi wanda ya yafa ɗankwalina a bayan dogon-yaro, da ya leƙo sai na ga wannan ne. Ina yarinya ƙarama aka ɗauke shi, wannan kuwa na tsayar da shi na kalla har sai da zare ya tsinke. Ban san ranar da ɗaya ya shafe ɗaya ba. Da ba ta haɗa ni da Allah ba, da na ce mata kamar an tsaga kara. Na ce abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne dariyar, irin tasa ce.

"Wannan ai na sani," in ji Inna. "Ita ina jin ta ta bayana."

Ta lalubo carbinta. Muka zauna har aka kira la'asar.

Yanzu wayar kowa cike take da hotuna. Jariri tun ba a yi masa wanka ba an ɗauke shi an tura wa dangi har Legas. 'Yan matan yanzu suna cewa kunyar ɗan fari ƙauyanci ce, ni kuwa ba na shiga cikin masu yi mata dariya, don na ga irin son da ake iya dannewa a ƙarƙashinta, na kuma ga abin da take ci. Amma ban yi ta ba. Ɗana na fari sunansa nake kira gatsal, a gaban kowa, kuma tun yana goye Inna take yi mini faɗa a kan haka, wai boko ta cire mini kunya, wai wace irin uwa ce take zama ta tasa ɗan fari a gaba tana hira da shi. Ko a makon da ya gabaci ranar da na kai mata fim ɗin sai da ta yi mini.

Da na yi salla na yi mata sallama, har na kai bakin zaure ta kira ni. Na dawo na durƙusa, na ɗauka saƙo za ta ba ni. Ta ɗan jima tana murza carbi, fuskarta tana wajen bango.

"Wancan naki, babban," ta ce. "Ki riƙa kallonsa."